Tsohon faifai ba kwafi ba ne

Yanzu da na miƙa makullan ɗakin saba (manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan ma'aikata), zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa, saboda yaran da za su gaje ni.

Idan ka ƙirƙiri sabuwar VM, wato na'urar kwamfuta ta manhaja da ke aiki a cikin wata kwamfutar, ka ɗaura mata tsohon faifan da ake tayar da kwamfuta da shi, ba kwafi ka ɗaura ba. Shi ne faifan da kansa, da duk abin da ke cikinsa. A VMware, manhajar da ke gudanar da irin waɗannan na'urori, maɓalli biyu ne kusa da juna: ɗaya yana cire na'urar daga jeri kawai, ɗayan yana goge ta daga ma'ajiya, har da fayil ɗin vmdk, wato faifan kansa, da ke maƙale da ita, in dai babu wata na'urar da ke amfani da shi.

Lokacin da muke kwashe sabar albashi zuwa sabon gida, na ce wa Oga, "Ranka ya daɗe, a bar ni in kwafi faifan nan kafin mu taɓa shi." Ya ce ma'ajiya ta kusa cika, kuma ƙarshen wata ya zo, ma'aikata na jiran kuɗinsu. Na cire tsohuwar na'urar daga jeri, na ɗaura faifan a sabuwar. Ta ƙi tashi. Dalilin a fili yake: faifan tsarin MBR ne, na zamanin BIOS, tsohuwar hanyar tayar da kwamfuta, ita kuwa sabuwar an saita ta a UEFI, sabuwar hanyar. Gyaran bai wuce a kashe ta a sauya saiti ɗaya ba. Na ce da safe zan yi. Cikin dare Oga ya shiga da kansa, ya ga na'ura "matacciya", ya goge ta domin ya sake wata. Faifan ya tafi da ita.

Washegari a taro, gaban kowa, aka ce sakacin sashena ne. Ban ce uffan ba, duk da rajistar vCenter, manhajar da ake sarrafa na'urorin VMware da ita, na ɗauke da sunan mai asusun da ya danna da kuma lokacin. Ni na zauna na dawo da bayanan daga tsohuwar ajiya, masu lissafi suka sake shigar da na makonnin ƙarshe da hannu, albashi ya fita a makare. Har na bar wurin babu wanda ya ce sannu, kuma wannan yana min ciwo har yau.

Tun daga nan, duk wanda ya hana ni kwafi, sai ya rubuto min a imel. Ba na jayayya, amma ba na ɗaura komai sai na ga rubutun.

Sauran ƙanana ne. Windows kan yi shuɗin allo idan aka sauya masa nau'in mai sarrafa faifai babu direbansa, wato manhajar da ke sa ya gane shi. A Linux, rubuta UUID (lambar shaidar faifai) a fstab (fayil ɗin jerin faifai), domin sunan faifai sda kan koma vda a KVM, wata manhaja irin VMware. A AWS, sabobin haya na Amazon, faifai da na'ura sai sun kasance a shiyya ɗaya (Availability Zone). Kada na'ura biyu su riƙa rubutu a faifai guda. Asusun da ke iya gogewa kuma, kada a bai wa mutum don girman kujerarsa.