Raba Faifan Laftof: Yadda Muke Yi a Shagonmu na Gadarif

Shagona ƙarami ne, a gefen kasuwar Gadarif da ke gabashin Sudan, daga ni sai ɗan ƙanwata da ke koyon aiki. Dā abokan cinikinmu 'yan kasuwar riɗi da dawa ne masu ajiye lissafi a Excel. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, birnin Wad Madani na jihar Jazira kuma ya faɗi a Disambar shekarar, mutanen Khartum da Jazira suka cika gari. Wani da laftof ɗinsa kaɗai ya tsira, takardun makaranta da hotunan iyali duk suna ciki. Kusan kullum sai an ce mini, "Ustaz, a raba mini faifan nan, a yi mini D." Wato a raba faifan ajiyar laftof ɗin gida biyu: C inda Windows take, D kuma na ajiye fayil.

Dalilinsu mai kyau ne. Idan Windows ta lalace aka goge C aka zuba sabuwa, abin da ke D yana nan daram. Aikin kuma ba ya buƙatar wata manhaja daga waje. Ka buɗe Disk Management, ka danna C da maɓallin dama, ka zaɓi Shrink Volume, ka rubuta abin da za a yanka. Da megabait ake lissafi, gigabait 100 shi ne 102400. Filin da ya fito sai ka mai da shi New Simple Volume, ka ba shi harafi, ka tsara shi da NTFS. Shi ke nan. Kafin shayi ya huce an gama.

Gardamar tana zuwa ne wajen girma. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, 500 aka sayar mini, ina ganin 465, ina sauran?" Na ce, "Baba, ba wanda ya cuce ka, masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1024." Haka mai 256 yake nuna kusan 238. Irin wannan ƙaramin ba na son raba shi, don Windows 11 kaɗai gigabait 64 take nema, ga sabuntawa da ke cin wuri kowane wata. In ka matse C, bayan 'yan watanni mai ita zai dawo yana cewa ta yi ja, wato ta cika.

Tsofaffin injuna su ne masu tarko. Faifai mai tsohon tsarin rabo da ake kira MBR manyan sassa huɗu kawai yake ɗauka, wasu laftof na zamanin Windows 7 kuma da huɗun a cike suke fitowa daga kamfani. Kana neman na biyar sai ta tambaye ka ko ta juya faifan zuwa Dynamic. Na hana yaron nan amsa wannan da e, ko ina nan ko ba na nan. Mai sabon tsarin da ake kira GPT ba ruwansa, har 128 yake ɗauka. Akwai kuma 'yan ƙananan sassa marasa harafi, na tayar da inji da na farfaɗo da Windows. Mutane suna ganin kamar ɓarnar wuri ne su goge, washegari allo ya ƙi tashi.

Wuta ma abin lura ce a nan. Laftof mai mataccen batiri ba na taɓa faifanta sai mun koma kan sola, kuma sai na kwashe muhimman fayil tukuna.

Abin da na fi nanatawa shi ne, C da D ɗakuna biyu ne ƙarƙashin rufi ɗaya, in rufin ya rufta duka ya danne. Faifai ya mutu, ko a sace injin a hanya, D ba ta ceci kowa ba. Wata Hajiya da ta zo daga Sinnar na ce mata, "Hajiya, zan raba, amma takardar shahadar makarantar yaran nan a sa ta a filashi, a tura kwafi a imel kuma." Ta ce kuɗin filashin ya yi mata yawa. Muka tura ta imel ɗin 'yarta, ta biya kuɗin rabon ta Bankak, manhajar banki ta waya.