Kafin ka sayi tsohuwar motar soja a gwanjo

Ƙanena, abin da ya ruɗe ni mita ce, wadda ke ƙirga nisan tafiyar mota. Motar ta haura shekara ashirin, amma tafiyar da ta yi ba ta taka kara ta karya ba. Na ce lallai na tsinci dami a kala, na biya kuɗi ban ma leƙa ƙarƙashinta ba.

Ashe zama ya fi tafiya kashe mota. Duk wani abu na roba a jikinta ya bushe. Ranar da na fara fita da ita tiyon lagireto ya fashe, bayan sati guda birki ya fara yoyo, na taka na ji ƙafata ta nutse har ƙasa. Tayoyin kuwa zanensu raɗau kamar sababbi, amma gefensu duk tsaga. Da na san karatun lambobi huɗun nan na jikin taya da ban faɗa ba: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Sannan mita ba ta ƙirga awannin da inji ya yi yana aiki a tsaye, kuma motar soja takan wuni a kunne wuri guda saboda na'urorin sadarwa.

Sai batun wuta. Yawancin motocin soja bolt 24 suke amfani da shi, batir biyu a haɗe, alhali ƙananan motocin gida 12 ne. Ƙwan fitila, altaneta, sitata, duk ba irin na kowa ba ne. Ni da hannuna na jona rediyon ƙaramar mota, ko minti ɗaya bai yi ba hayaƙi ya tashi. Soja yana da rumbun kayan gyara da kanikawa a bayansa. Ni kuwa daga ni sai bakanike ɗaya, shi ma a kan motata yake koyo, kuma ni ke biyan kuɗin karatun.

Takardu su ne inda na fi yin wauta. Ba kowace motar soja doka ke yarda a sa mata lamba ba. A Amurka ma, da aka fara gwanjon motar sojansu mai suna Humvee ga farar hula a 2014, da sharaɗin ba za a hau titi da ita ba aka sayar. Tawa ta yi wata huɗu a ajiye ina zaryar rajista da inshora. Ka je ofishin rajista ka tambaya tun kuɗinka na aljihunka, ka kuma ji ko sai ka sauya fentin.

Ban ce ba ta da daɗi ba. A taɓo da yashi da hawan dutse ba ta da na biyu. Amma a kwalta ga ƙara, ga zafi, ga shan mai, kujerar kamar benci, kuma da ka fara gudu sai sitiyari ya kama rawa. Ni kuwa da na zauna na yi lissafi, kwana shida kacal na shiga daji da ita a shekarar farko.