Offal: kalmar Turanci da ta tashi daga shara ta koma kayan ciki

Duk wanda ya buɗe ƙaramin ƙamus na Turanci ya nemi offal, abin da zai tarar shi ne kayan cikin dabba: hanta, ƙoda, zuciya, huhu, tumbi da hanji. Ƙamus bai yi ƙarya ba, sai dai ma'ana ɗaya tak ya kawo daga cikin ma'anoni da yawa, kuma ba ita ce ta fari ba. Tun asali kalmar ba ruwanta da nama. Suna ne na duk abin da ya zube ƙasa yayin da mai sana'a ke kan aikinsa, ragowar da aka ture gefe bayan an ɗauki abin da ake so. Wanda ya riƙe wannan ba zai ruɗe ba a duk inda ya ci karo da ita, wanda kuwa ya haddace "kayan ciki" kawai zai sha yin kuskure.

Gininta a fili yake. Kalmomi biyu aka haɗa: off, mai nuna rabuwa da jikin abu, da fall, wato faɗuwa. Abin da ya gutsure ya faɗi ke nan. Ta fara bayyana a rubuce-rubucen Ingila a ƙarshen ƙarni na 14, kuma masana da dama na ganin an gina ta ne bisa samfurin afval ta harshen mutanen Holan na wancan zamani, domin ciniki ya yi ƙarfi tsakanin ƙasashen biyu. Akwai kalmar Latin, offa, mai nufin loma ko dunƙulen abinci, wadda kamanninta ke jan mutum ya ɗauka ita ce uwar. Ba ita ba ce, kama ce kawai ta sauti.

'Yan'uwanta suna nan da ransu a harsunan maƙwabta: Abfall a Jamusanci, afval a Holan, affald a Denmak, avfall a Suwidin da Norwe. Dukkansu shara suke nufi har yau, irin wadda motar kwasar shara ke ɗauka. Nan ne masu fassara ke zamewa. Bajamushe idan yana nufin hanta da ƙoda Innereien zai ce, ba Abfall ba, don haka wanda ya mayar da offal zuwa Abfall a takardar abinci ya gaya wa mai karatu cewa shara aka dafa masa. Harshen Afrikaans na Afirka ta Kudu ne ya riƙe ma'anonin biyu a kalma ɗaya: afval shara ce, kuma sunan girkin tumbi da ƙafafuwa ne.

Tsohuwar ma'anar ta fito sarai a wasan Julius Caesar na Shakespeare, na wajen 1599. A can Cassius ya jera offal tare da trash da rubbish yana siffanta birnin Rum, ya ce ta zama abin hura wutar da za ta haskaka Kaisar. Mai karatun yau zai yi tunanin hanji, alhali ba a hura wuta da hanji. Ɓarɓashin itace ake nufi, irin wanda ke taruwa a ƙarƙashin masassaƙi.

Inda kalmar ta fi ban sha'awa shi ne a bakin masu sana'a, domin kowace sana'a da nata offal, kuma galibi ba abin zubarwa ba ne. A masana'antar niƙan alkama, kilo 100 na alkama kan ba da farin gari kilo 72 zuwa 75. Sauran, wato dusa da tsakin da ke haɗe da ita, shi masu niƙa na Ingila suka daɗe suna kira offals, kuma har yanzu wheat offal suna ne sananne a harkar abincin dabbobi. Idan aka ga wannan a jikin buhu ko a lissafin haɗin abincin kaji, dusar alkama ce, babu ko ɗigon jini a ciki. Mai fassara da ya rubuta "kayan cikin alkama" ya kawo abin da babu shi a duniya.

Majema ma suna da tasu. Kafin a jeme fatar saniya don yin ƙasan takalmi, akan yanka ta kashi-kashi. Tsakiyar baya, inda fata ta fi kauri da ƙarfi, ita ce butt. Kafaɗa da gefen ciki biyu, waɗanda suka fi laushi kuma suka fi miƙewa, su ne offal. Jeme su ake yi a sayar, sai dai farashinsu bai kai na baya ba, kuma ana sa su a ayyukan da ba sa buƙatar juriya sosai.

Haka a cinikin kifi. A ƙarni na 19, masuntan Hull da Grimsby da dillalan kasuwar Billingsgate ta Landan sun raba kifi gida biyu: prime, wato masu tsada irin su sole da turbot, da kuma offal, wato masu araha irin su haddock da plaice. Kifi ne cikakke, lafiyayye, da kansa da jelarsa. Abin da ya sa shi a wannan aji kawai shi ne masu kuɗi ba sa rububinsa. A ganina wannan misali ya fi kowanne bayyana zuciyar kalmar: ba ta faɗin mene ne abu, tana faɗin matsayinsa ne a idon mai sana'a.

A mahauta ne ta samu wurin zama na dindindin, tun daga ƙarni na 15. Bayan an yanka dabba an feɗe, abin da ake ratayewa a auna shi ne gangar jiki, carcass. Duk abin da aka cire kafin a kai ga wannan ya shiga offal. Shi ya sa harshe, wutsiya, kai da ƙafafuwa suke cikinta, ko da yake ba a cikin ciki suke ba. Ke nan "kayan ciki" ta ɗan gaza faɗin kalmar, kuma a takardar ciniki ko ta doka gara a ƙara da "da kai da ƙafa da wutsiya" idan su ma ana nufinsu. Masu duba nama a mayankar Birtaniya suna ƙara rarrabewa: red offal su ne zuciya, hanta, huhu da makamantansu, green offal kuma tumbi da hanji. Dalilin rabuwar tsabta ce. Tumbi da hanji suna ɗauke da abin da dabba ta ci da ƙwayoyin cuta masu yawa, don haka ake sarrafa su a wuri dabam, kada su huje su ɓata sauran nama.

Doka ma ta yi amfani da kalmar a lokacin tashin hankali. A watan Nuwamba na 1989, sa'ad da cutar haukan shanu ta addabi Birtaniya, an haramta sayar wa mutane wasu sassa da aka kira specified bovine offal, cikinsu har da ƙwaƙwalwa, lakar baya, saifa da hanjin shanun da suka wuce wata 6. A Amurka kuma tun 1971 aka hana sayar da huhun dabba a matsayin abincin mutane, abin da ya toshe wa haggis, abincin gargajiya na Sukotlan, hanyar shiga ƙasar, tunda da huhun tunkiya ake yin sa. Amurkawa ma ba su cika son kalmar ba. Sun fi cewa variety meats ko organ meats, kuma a bakin da yawa daga cikinsu offal da awful, mai nufin mummuna, furuci ɗaya ne. Kalmomin biyu ba su haɗa komai ba, domin awful daga awe ta fito, wato tsoro mai haɗe da girmamawa.

Akwai wata kalma da ta yi wannan tafiya amma ta juya baya, ita ce garbage. Yau shara ce zalla, musamman a Amurka. A ƙarni na 15 kuwa kayan cikin kaza take nufi. Wani rubutun girki na Ingila na wajen 1430 ya kawo abinci mai wannan suna, inda aka ce a samo kawunan kaji da ƙafafuwa da hanta da ƙundu, a wanke su tas, a dafa a romo. Zuwa ƙarshen ƙarni na 16 ma'anar ƙazanta da shara ta fara rinjaye. Offal ta baro juji ta shiga tukunya, garbage ta baro tukunya ta tafi juji. Gurbin da garbage ta bari a wajen kaji giblets ce ta cike shi, kuma ita ake rubutawa yau a jikin ledar da ke ɗauke da wuya da hanta da zuciya da ƙundu.

Wajen amfani da ita a jimla, offal tana cikin sunayen da ba a ƙirgawa, kamar water ko rice. Ba a cewa an offal, kuma ba a cewa two offals idan ana maganar girki. Sai dai a ce some offal, ko a ambaci sashen da sunansa. Jam'in offals yana fitowa ne a takardun masu niƙa da na cinikin nama, inda ake lissafa iri daban-daban. Ana danna gaɓar farko wajen furuci, kamar a ce "ofal", kuma ana rubuta ta da f biyu da l ɗaya, duk da cewa fall da ta fito daga ciki l biyu gare ta.