Asabar: Babur Ɗin Ɗan Ƙanwata da Ƙungiyarmu ta Da

Da hantsi ɗan ƙanwata ya shigo yana tura babur ɗinsa, gumi ya jiƙa masa riga, ya gaishe ni sannan ya ce, "Kawu, tun safe ya ƙi tashi, Inna kuwa ta ce a da kai ake kawo wa irin wannan." Na sa ya kafe shi a inuwa, na kwance fulogi na duba, na tarar bakinsa yana da launin ƙasa-ƙasa kamar yadda ake so. Da na sunkuya neman kabareta sai ya gaya mini cikin ladabi cewa wannan samfurin ba shi da ita, famfo ne a cikin tanki yake turo mai, ƙaramar kwamfuta kuma take auna adadin da za a fesa wa injin. Na ce to ya murɗa makulli mu kasa kunne, domin duk famfon da yake aiki dole a ji ƙuginsa kafin a tayar. Shiru muka ji. Fis ne ya ƙone, muka sa na ajiya da ke ƙarƙashin kujera, babur ya tashi. Kafin ya tafi ya tambaye ni ko da gaske ne na taɓa zama ɗan ƙungiyar masu babura, na amsa masa a taƙaice saboda yana sauri, amma tambayar ta wuni tare da ni.

A tsakiyar shekarun 1970 na shiga ƙungiyar, lokacin da baburan Japan suka riga suka mamaye kasuwar duniya, kamfanonin Ingila kuma suna ta durƙushewa. BSA, wanda ya taɓa zama kamfanin da ya fi kowane ƙera babura a duniya, ya rushe a 1973, Triumph kuma ya ci gaba da jan ƙafa har aka rufe masana'antarsa da ke ƙauyen Meriden na Ingila a 1983. Mu samari ne masu ƙaramin ƙarfi, saboda haka yawancinmu ƙananan babura muke hawa, irin su Suzuki A100 da Honda CD175, daga baya kuma CG125 ya shigo. Manyan kuwa, wato Honda CB750 mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba, wanda ya fito a 1969, da Kawasaki Z1 na 1972, a mujallu muke ganinsu, muna yanke hotunan muna mannawa a bangon ɗakin da muke taro.

Waɗanda suke kallonmu daga nesa sun ɗauka gudu ne ya haɗa mu, iyaye da dama ma sun hana 'ya'yansu kusantarmu saboda wannan zato. Abin da ya haɗa mu a gaskiya shi ne lalacewar babur. Injinan wancan zamani suna neman kulawa kusan kowane mako, kuma babu wanda a cikinmu yake da halin kai wa bakanike kowace ƙaramar matsala, sai ya zama dole kowa ya jingina da ɗan'uwansa. Wani ya ƙware a wanke kabareta da saita ta, wani a facin taya, wani kuma kunnensa ne jarinsa, domin da ya ji ƙarar injin zai gaya maka ko bawul ne ya saki ko rin ne ya cinye. Ni an san ni da saitin wuta. Kafin na'urar lantarki ta maye gurbinsu, wasu 'yan ƙarafa biyu ne da suke haɗuwa suna rabuwa suke yanke wutar da ke zuwa fulogi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin milimita ba. Mukan sa siririyar takarda a tsakaninsu, mu juya injin a hankali har takardar ta sulluɓe, a nan ne muke gane daidai lokacin da suke buɗewa. Wanda bai taɓa yin wannan aiki a bakin hanya, rana tana shirin faɗuwa, abokai sun kewaye shi kowa yana ba da shawara, ba zai gane dalilin da ya sa muke ganin girman juna ba.

Ba a karɓar sabon ɗan ƙungiya sai ya cire tayar baya ya mayar da ita da hannunsa, ya ɗaure sarƙa yadda ba ta yi tauri ba kuma ba ta yi sako-sako ba, sannan ya karanta fulogi: baƙi mai toka alamar mai ya yi yawa, fari ƙal alamar mai ya yi kaɗan kuma injin yana ɗaukar zafin da zai iya huda fistin. Muna da shugaba da sakatare da ma'aji, kuma abin da ake tarawa duk mako kayan aiki ake saye da shi, sufanu da filaya da famfon iska da wayoyin kuloci na ajiya, a zuba su a akwati ɗaya wanda kowa yake da haƙƙi a kansa.

Dokokin tafiya su ne na fi tunawa, kuma har yanzu ina ganin sun fi hankalin shekarunmu. Idan ayari ya tashi, jagora yana gaba kuma haramun ne a wuce shi, sababbin shiga suna biye da shi kai tsaye domin kada a bar su a baya su yi ta ƙoƙarin cim ma mutane da gudun da ya fi ƙarfinsu. Ba ma jeruwa a layi ɗaya, wani yana ɗan hagu wani yana ɗan dama, ta yadda kowa zai hango gabansa ya kuma sami filin taka birki. A can ƙarshe akwai mai tsaron baya, wanda ake zaɓa daga cikin waɗanda suka fi iya gyara, shi ne yake ɗauke da akwatin kayan aiki, kuma ba ya wuce duk wanda ya tsaya. A idon samari wannan muƙami ba shi da armashi, tunda ƙurar kowa kake sha, amma shi ne muƙamin da ba a bai wa kowa sai wanda aka yarda da shi.

Akwai kuma dokar hana aron babur ba tare da izinin shugaba ba, wadda take da dalili mai ƙarfi. Tsofaffin baburan Ingila giyarsu tana ƙafar dama birkin baya yana hagu, na Japan kuwa akasin haka ne. Mutum biyu a cikinmu suna da tsofaffin na Ingila da suka gada, kuma duk wanda ƙafarsa ta saba da ɗaya, idan ya hau ɗayan abu ya taso masa ba zato, giya zai taka a maimakon birki. Hular kwano ma mun wajabta wa kanmu ita bayan da wani abokinmu ya faɗi a kwana, a gudun da bai kai a kira shi gudu ba, ya yi watanni yana jinya. Ba zan ce ba mu taɓa sharar gudu ba, ƙuruciya ce, kuma idan hanya ta miƙe babu kowa akan saki totur. Sai dai duk wanda ya yi haka a cikin ayari, hukuncinsa wanke baburan kowa a taro na gaba.

Da yamma na kasa haƙuri na kira tsohon sakatarenmu a waya. Bayan gaisuwa da tambayar iyali da lafiyar gwiwoyi, ko minti biyar ba mu yi ba muka koma tsohuwar gardamarmu ta injin mai bugu biyu da mai bugu huɗu. Shi har gobe yana bayan mai bugu biyu, kuma hujjarsa ba ta sauya ba: injin da yake kunna wuta a kowane juyi ya fi wanda yake kunnawa sau ɗaya a juyi biyu kuzari, ga sauƙin nauyi, ga ƙarancin kayan da za su lalace. Ya sake kawo zancen Yamaha RD350 na 1973, wanda yake barin baburan da suka ninka shi girma a baya idan hanya mai kwane-kwane ce. Na tunatar da shi hayaƙin da yake bulbulowa daga salansa, da baƙin man da injin yake ƙonawa tare da fetur, da fulogin da yake toshewa a kai a kai, da kuma cewa dokokin hana gurɓata iska sun kore irin wannan injin daga titunan ƙasashe da yawa. Ya ce doka ce ta kashe shi, ba gazawa ba. A nan ina ganin yana da rabin gaskiya, ko da yake ban gaya masa ba.

Shi ne ya tuna mini yadda ƙungiyar ta watse, domin babu ranar da aka zauna aka ce an rushe ta. Aure ya ɗauke wasu, aiki ya kai wasu nesa, wasu suka sayi mota, baburan da suka biyo baya kuma suka daina neman gyaran kowane mako, sai akwatin kayan aiki ya rasa masu buɗe shi. Ya ce littafin rajistar yana wurinsa a cikin wata tsohuwar jaka, da sunayen kowa da lambobin baburansu da tarar da aka ci kowa. Muka bi sunayen da muke iya tunawa ɗaya bayan ɗaya, muka yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya addu'a. Ya ɗauki alkawarin nemo ma'ajinmu ta wurin ɗansa, ni kuma aka ɗora mini neman wanda ya fi daɗewa a muƙamin mai tsaron baya, wanda rabona da jin labarinsa tun kafin wayar hannu ta zo. Gobe zan fara da tambayar ƙaninsa.