Kafin Ku Ɗauki Hanyar da Ba Kowa Ke Bi Ba

Ƙannena masu hawan Dutsen Bima da tsaunukan Tula a ƙarshen mako, na ji kuna shirin Chappal Waddi, har wasunku na cewa su ba za su bi ta inda jama'a ke bi ba. Ban hana ku ba. Dutsen ya kai mita 2,419, babu wanda ya fi shi tsawo a Nijeriya, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti a Taraba, dab da iyakar Kamaru. Yawancin mutane ta ɓangaren Mambila suke zuwa masa, ta Nguroje, don daga can an riga an rage hawan. Ni da abokan tafiyata, da muka je, muka raina wannan hanya, muka ɗauko shi daga ƙasa.

Abin da ya kayar da mu lissafi ne. Mun zauna a Gombe da taswirar waya muna ƙirga kilomita, kamar masu tafiya Kumo. Taswira ba ta nuna ciyawar da ta fi mutum tsawo, ba ta nuna kwazazzabon da za ku sauka cikinsa ku sake haurowa. Masu hawan dutse na da tsohuwar ƙa'ida tun 1892, ta wani ɗan Sikotilan mai suna Naismith: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan ma na mai ƙarfi ne a kan hanya mai kyau. Inda babu sawu, ga kaya a baya, ku ninka lokacin. Da mun yi haka, da magariba ba ta same mu a kan gangare muna laluben inda za mu kafa tanti ba.

Saboda haka ku fara tsara saukowa kafin hawa. Ku yanke lokacin juyawa tun kuna gida, ku ce ƙarfe ɗaya na rana, kuma ku ba mutum ɗaya ikon cewa a juya, ko da ƙololuwar na gabanku kuna kallonta. A wurin ba a iya wannan shawara, kowa zuciya ke ɗibarsa, kuma saukowa ta fi cin gwiwa, ta fi jawo faɗuwa.

Ku shiga ofishin gandun a Serti ku karɓi izini da ma'aikacin da zai raka ku, ku tambayi halin tsaro. Sannan ku gaida Arɗo ko Jauron wurin. Makiyayi ya san rafin da ke riƙe ruwa har watan Maris da wanda ke ƙafewa, ya san hanyar shanun da za ta kai ku Kamaru ba ku sani ba. Mu mun gaishe su a tsaitsaye muka wuce, muka kwana da ƙishi. Ku je da rani, don da damina koguna na cika, gajimare kuma kan sauko ya rufe hanya.

Sanyi kuwa, kada zafin Gombe ya ruɗe ku. Kowane mita 1,000 da kuka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga iska. Rigar sanyi, hula, safa busasshiya, tocila da batir. Guzuri mara nauyi: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi.

Masu mafarkin dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, can magana ta canja. Mita 5,895 ne, kuma daga mita 2,500 ciwon tudu ke fara kama mutane: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Hanyar Umbwe ba ta da cunkoso, amma dalilin ke nan, tana miƙewa sama da sauri, jiki ba ya samun sabawa. Likitoci na cewa bayan mita 3,000 kada wurin kwananku ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. A ɓangaren Western Breach, wata hanya mai gangare ta yammacin ƙololuwar, duwatsu sun gangaro sun kashe Amurkawa uku a 2006. Idan shiru kuke nema a wannan dutsen, ku duba hanyar Rongai ta arewa, ku ƙara kwana ɗaya a kan abin da aka tsara muku, ko da kuɗin zai ƙaru.