Ranar Talata wajen mai jarida

Yau ɗan ƙanwata ya nemi aiki ta waya yana kwance, shayinsa ko hucewa bai yi ba ya ce, "Kawu, na tura." Sai na tuna mu a Samaru. Ranar Talata mu haɗa kuɗi mu sayi jaridar Guardian guda don duba tallan guraben aiki, mu leƙa New Nigerian a tsaye, mai jarida na harararmu. Ka rubuta takardar neman aiki da hannu a fulskaf, harafi ɗaya ya karkace ka yaga ka sake. Ka liƙa hoton fasfo, ka manna kan sarki, sai jira.

Wani abokinmu wasiƙar kiransa intabiyu ta iso bayan ranar ta wuce. Har yanzu ina tunanin mutum nawa aiki ya wuce a haka.