Abin da zuciyar kaza da ƙirjinta suka nuna mini a ɗakin gwaji

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, nan Kumasi, malaminmu ya ba ni aikin kwatanta enzayim ɗin da ake kira LDH a sassan jikin kaza. Enzayim furotin ne da ke hanzarta aikin sinadarai a jiki, shi LDH kuwa yana cikin masu aikin ƙona sukari. Da sassafe na sayo kaji uku a Aboabo, aka yanka mini su, na ɗebi zuciya da hanta da tsokar ƙirji, na zuba cikin ƙanƙara.

Shi wannan enzayim gungu ne na ɓangarori huɗu, kowane ɓangare kuwa ko dai nau'in H ne ko nau'in M, shi ya sa ake samun siffofi biyar masu aiki iri ɗaya. Masana kimiyya Markert da Møller ne suka raɗa wa irin waɗannan siffofi suna isozayim a 1959. Ana rarrabe su ta hanyar niƙa naman, a ɗiga ruwansa a kan jel, wato wani faifai mai laushi kamar daskararren kunu, a sakar masa lantarki, sannan a zuba rinin da ke fito da layuka masu ruwan shuni, kowace siffa da nata layin.

Gwajina na farko bai yi kyau ba, kuma laifina ne. Ban wanke jini daga zuciya da hanta sosai ba, alhali jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da nasu LDH ɗin, sai layukan suka cakuɗe. A karo na biyu wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, abin da ba baƙo ba ne a garinmu, kafin ta dawo komai ya baje cikin jel ɗin.

A karo na uku na ga abin da nake nema: siffa mai H huɗu ta rinjaya a zuciya, mai M huɗu kuma a ƙirji. Dalilin ya fi layukan burge ni. Kaza ba ta dogon tashi, fiffikewa take yi na ɗan lokaci, don haka tsokar ƙirjinta tana ƙona sukari da sauri ba tare da jiran oksijin ba, zuciya kuwa ba ta hutawa, da oksijin take aiki dare da rana. Siffar M ta fi dacewa da aikin ƙirji, ta H kuma da aikin zuciya. Da na yi wa mahaifiyata bayani, sai ta ce ai tuntuni ta san naman ƙirji fari ne, kuma shi ne ke saurin bushewa a tukunya.

Tun daga lokacin nake wanke kowane yanki sau uku da ruwan gishiri mai sanyi, kuma ba na haɗa lantarki sai na tabbatar akwai mai a janareta.